Rabin Tebur a Bakin Filin Kokowa

Buroshin shafa launi na hannun Kaltumi lokacin da ta ji an kira sunanta.

Ta ɗaga kai tana neman mai saye, ba kowa a gaban teburin. Ta waiga wajen Ya Bintu, ƙanwar babanta da ke zaune a baya tana ƙulla turaren wuta, ta tarar ita ma ta saki baki tana kallon sama. Ashe daga lasifikan filin kokowa muryar ta fito, manyan nan da ake ɗaurewa a kan ƙarafa, waɗanda ko tari aka yi a cikinsu sai rabin Diffa ta ji.

"Wata kyautar kuma ga wanda ya yi kaye! Hoto ne, zanen hannu, daga Kaltumi Ari, ɗiyar Malam Ari na Shetimari... Ita ta yi shi da hannunta, jama'a a tafa mata!"

Fili ya kaure da tafi da ganguna.

Buroshin ya suɓuce, ya bar jan tabo a kan mayafinta.

Innalillahi... Ita dai abu ɗaya ta sani. Gidan rediyo na ɗauke da wasan kai tsaye, kuma babanta ko ana ruwan wuta ba ya bari kokowa ta wuce shi. Yanzu haka yana ƙarƙashin tsamiyar bakin garka, lambunshi na ban ruwa, rediyo a kan gwiwa, manoman tattasai sun kewaye shi. Shi kuwa a saninshi, garin tattasai ɗiyarshi take sayarwa a bakin fili.

Sai ga Abdullatif ya kutso ta cikin mutane yana haki, baki har kunne, tawada a gefen hancinshi kamar kullum.

"Kin ji, Mai jan hannu? Kin ji sunanki? Har manyan baƙi sai da suka miƙa wuya suna kallon hoton."

Ta kalle shi. Ta ga farin cikin da ke fuskarshi na gaskiya ne, ba algus, wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Wa ya aike ka?"

Murmushin ya fara zamewa. Ya ce ai an faɗa mishi Baba ya riga ya sani, an ce abin da ya rage kawai shi ne ya ji an girmama ɗiyarshi a bainar jama'a. Ta tambaye shi wa ya faɗa. Sai idonshi ya tafi teburin da ke maƙwabtaka da nasu, inda Sadiya ke ninke riguna, tana ninkewa tana warwarewa, ta ƙi ɗago kai.

"Latif..." in ji Kaltumi. "Ka kashe mu."

Bari in koma baya kaɗan, ƴar'uwa, don ki san irin abin da aka rushe a yammacin nan.

Shekaran bara ne matasan Diffa suka shirya taron masu son zane da fina-finai a gidan matasa. Kaltumi ta zo da ƙorai da katuna masu furanni, duka an shafe su da launin da ita ke haɗawa da kanta: ja daga busasshen tattasan gonarsu da ƙaro, rawaya daga gangamau, shuɗi daga shuni. Ta makara, tebura sun ƙare. Mai rabon wuri ya nuna mata wani siririn saurayi da ya baza hotunan ƴan kokowa da mawaƙa, duk baƙi da fari, ya ce su raba, in ba su so ga ƙasa nan a buɗe.

Saurayin ko kallonta bai yi ba. Ya ciro alli daga aljihu ya ja layi a tsakiyar teburin, ya karanto mata ƙa'idar masu raba tebur kamar mai karanta wa'adi: ba a kiran mai sayen abokin zama, ba a kushe kayanshi ko da da ido ne, in ɗaya ya tafi salla ɗayan ya tsare mishi, ya sayar mishi kamar nashi. Kaltumi ta ce a ranta, kai, wannan da alƙali aka yi shi da an sha wuya.

Abdullatif ke nan, ɗan garin Tumur ne. Rikici ya koro su shi da mahaifiyarshi, suka zauna a Gagamari, uban bai fito ba. Wannan daga baya ta ji, kuma ba daga bakinshi ba.

A wuni na biyu ya tafi azahar ya daɗe. Zaman banza ya ishe ta, hannunta yana ƙaiƙayi, ta jawo ɗaya daga hotunanshi, wani ɗan kokowa ya durƙusa yana dafa ƙasa, ta shiga zuba mishi launi. Ta ba jikin ruwan ƙasa mai sheƙi, ta ba layun hannunshi wannan jan nata mai duhu. Kafin launin ya bushe wasu samari biyu sun fara ja-in-ja a kan wa zai saya. Abdullatif ya dawo ya tarar da rigimar, ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo. Ta gama shirya haƙurin da za ta ba shi. Shi kuwa sai ya sa gefen hannun rigarshi ya goge layin allin tas, ya turo mata sauran hotunan gabanta.

Tun daga ranar aikin ya zama ɗaya. Shi ya ja layi, ita ta sa launi. Duk inda masoya kokowa ko masoya waƙa suka taru, can za ki same su, Maine, Gigimi, Gure, har Damagaram, Ya Bintu na biye da kwalaben turaren humra da idonta mai kaifi. Shi ya raɗa mata Mai jan hannu, don yatsunta ba sa rabuwa da ja. Ita tana ce mishi Latif in suna shiri, Malam mai alli in ya ɓata mata rai. Bai iya kalaman samari ba ko kaɗan. Soyayyarshi ita ce ya juya teburin yadda inuwa za ta faɗo ɓangarenta, shi ya sha ranar. Ranar da ya ce yana son ta ma, kanshi na sunkuye a kan takarda ya faɗa, har sai da ta ce ya maimaita don ba ta san ko da hoton yake ba.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya tun farko: sunanta ba zai hau kan hoto ba, ba zai fita daga bakinshi ba. Ta san gidan da ta fito. Malam Ari mutum ne mai sahun gaba a masallaci, kuma hotunan nan na ƙarti ne tsirara daga cibiya zuwa sama. Shi ya sa kullum akwai ƙullin garin tattasai a gefen teburin, shi ne abin da ake faɗa a gida, shi ne kuma ke bayanin jan yatsunta. Abdullatif ya yarda, amma abin na cin shi. Duk sa'ar da aka ce mishi "Allah ya ba ka hannu, dubi wannan ja," sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

Nan Sadiya ta samu ƙofa.

Ƴar unguwar su Kaltumi ce a Shetimari, tana sayar da riguna da huluna masu hoton ƴan kokowa na inji. Tun kafin Kaltumi ta bayyana take zagaya rabin teburin nan da mai teburin, ba ta samu ko ɗaya ba. Ita ce ta riƙa yi mishi famfo a hankali: wai mutane na cewa yana cin gumin yarinya, wai Ya Bintu ta daɗe da faɗa wa Malam Ari komai, wai tsoho jira yake kawai ya ga ko yaron nan zai fito ya mutunta ɗiyarshi. A filin kokowa kuwa kin san al'ada, duk wanda ya yi kyauta sai an shelanta sunanshi da na ubanshi da garinsu, kuma a wajen mutum irin Abdullatif da ya girma a bakin fili, babu wata ɗaukaka a duniya da ta wuce wannan. Sai ya ɗauki hoton da ya fi kowanne kyau, ya kai wa mai sanarwa, ya maimaita mishi sunan don kada ya yi kuskure.

Wallahi har yau in na tuna Sadiya sai na ji ɗaci a bakina.

Ba a yi magariba ba kira ya zo daga Shetimari. Malam Ari bai nemi ɗiyarshi a waya ba, ƙanwarshi ya nema, ya ce su kwana da shiri, motar farko ta safe.

Bai dake ta ba. Da ma dukan ne, da ya fi sauƙi. Ya zaunar da ita a zaure ya faɗa mata abin da ya faru a ƙarƙashin tsamiya da murya ƙasa-ƙasa: yadda aka yi tsit, yadda wani ya ciro waya ya nuna hoton yana yawo, yadda wani tsohon abokin adawarshi ya yi dariya ya ce lallai ɗiyar Malam ta ƙare wa ƙato kallo, har gumin ƙirjinshi ba ta bari ba. Kaltumi ta so ta ce ba ita ta zana jikin ba. To amma sheƙin gumin nan wa ya sa shi? Sai hawaye.

"Ba hoton ne ya fi ƙona ni ba," in ji shi. "A rediyo na san ɗiyata, tare da kowa."

Ya sa aka tattara kwalabenta da buroshinta aka zuba a rijiyar da ta mutu a bayan gida. Ya Bintu kuwa ya ce kada ta sake taka mishi zaure sai ya neme ta.

Kwana kaɗan sai ga Abdullatif da kawunshi da limamin Gagamari. Ya durƙusa a gaban dattawa ya ɗauki laifin duka, ya ce aure ya kawo shi, tun da can ma niyyarshi ke nan. Kaltumi na bayan ƙyaure tana ji, zuciyarta kamar ta fito. Malam Ari ya gyara zama. Da ya buɗe baki sai ya rantse a gaban kowa, rantsuwa mai nauyi, cewa matuƙar yana numfashi ba zai ba da ɗiyarshi ga mai zana surar mutane ba. In yaro na so, ya ajiye alƙalami har abada, a fili da ɓoye, ya zo ga gona nan. In an sayar da tattasai a sa rana.

Kowa ya zaci zai ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

"Na ajiye, Baba," ya ce. "Allah ne shaida."

Ko numfashi bai ja ba kafin ya faɗa. Kaltumi ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe bakinta da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. A ranar ta yi imani babu macen da aka taɓa so kamar ita a duk kwarin Komadugu.

Haka ya fara zuwa kullum daga Gagamari, tun rana ba ta yi zafi ba. Aka koya mishi tada injin ban ruwa, da buɗe wa kwalin shuka hanyar ruwa da toshe ta, da tsinkar tattasai ba tare da karya reshe ba, da baza shanya, da danna buhu. Da farko abin dariya ne, ƴan matan tsinka har waƙa suka yi mishi ranar da buhu ya kayar da shi. Bai yi fushi ba. Yatsun nan nashi dogaye suka yi kanta, suka tsage, suka warke, suka sake tsagewa. Malam Ari ya fara da kallonshi a kaikaice, a hankali ya koma kiranshi su ci tuwo kwano ɗaya, har aka ji shi yana faɗa wa mutane cewa yaron nan ba ya ƙarya ko a kan ƙwayar tattasai.

In sun haɗu a wajen shanya sai ya yi mata murmushi ya ce, "Sannu da aiki, Kaltu." Ya daina cewa Mai jan hannu. Ta lura, ta yi kamar ba ta lura ba.

Ta kuma lura yana ramewa, ba irin ramar aiki ba. Ya rage magana. Da, in yana sauraron mutum idonshi na yawo a fuskar mai maganar, yana auna hanci da goshi, har mutane kan tsargu. Yanzu ƙasa yake kallo. Ta tambaye shi, ya ce gajiya ce. Ta yarda, don tana son ta yarda.

Sai aka yi suna a unguwa, Sadiya ta zo da sabon leshi da ƙamshi. Ta ja Kaltumi gefe kamar abin arziki, ta yi mata murnar sa rana da ke tafe, sannan ta sako maganar da ta kawo ta. Wai wani mai buga littattafan yara daga Yamai ya yi ta neman Abdullatif tun bayan kokowa, har Gagamari ya aika, shi kuma ya ce a faɗa mishi ya daina zane. Wai a taron Damagaram masoya sun yi ta tambayar ina mai hotuna. Ta ƙare da cewa ita dai tausayi yake ba ta, amma ai so ke nan, ko ba haka ba?

Kaltumi ta ce mata ta gode, Allah ya saka wa kowa da abin da ya shuka. Ta san guba aka ba ta. Abin haushin, da ta bincika ta tarar kowace kalma gaskiya ce.

Ta bi ta hannun mahaifiyarta, ta bi ta hannun liman, ko Baba zai sassauta, ko da zanen itatuwa da dabbobi ne, ko da a ɗaka ne ba a kasuwa ba. Amsa ɗaya ta dawo. Ya yi rantsuwa a gaban maza, yaron ma ya sa Allah shaida, maganar ta mutu.

Wata safiya aka aike ta garka da kunu. Ta biyo ta bayan tarin buhuna, sai ta hango shi tsugune a bakin kwalin da aka gama shayarwa. Karan tattasai ne a hannunshi, yana jan layi a kan danshin ƙasa, da sauri. Rabon da ta ga wannan fuskar tashi tun a bakin fili. Ya ja, ya tsaya, ya goge da tafin hannu, ya sake ja. Ya sake gogewa.

Can sai gyaran muryar Malam Ari daga wajen inji.

Abdullatif ya zabura ya miƙe, ya sa ƙafa ya tattake abin da ya zana, ya tattake, ya sake tattakewa, yana waige-waige. Mutumin da ya kasa karɓar yabon da ba nashi ba, ga shi yau kamar ɓarawo a gonar surukinshi.

Ta fito. Da ya gan ta sai da ya rufe ido.

"Waye kake zanawa?" ta tambaya a hankali.

Ya dubi inda ya tattake. Sannan ya faɗa mata abin da bai taɓa faɗa ba duk zamansu a tebur ɗaya. Da suka gudo daga Tumur ba su fito da hoton babanshi ko ɗaya ba, wayar da ke da su ta tafi tare da mai ita. A sansani ya fara zane, da gawayi a jikin tanti, don kada fuskar ta ɓace mishi. Tun daga lokacin duk Juma'a sai ya zana ta, ya nuna wa mahaifiyarshi, ta ce e, shi ne. Duk sauran hotunan duniya daga baya suka zo.

"Ban san na ɗauki karan ba, wallahi," ya ce. "Na karya alkawari, zan faɗa wa Baba da bakina." Ya nuna ƙasar. "Kaltu... idanun sun fito. Bakin ne na rasa. Na yi ta nema, ya ƙi zuwa."

Ta ajiye kwanon kunun a ƙasa. Ta roƙe shi kada ya ce wa Baba komai tukuna. Ta juya ta tafi, ba ta san da wace ƙafa ta isa gida ba.

Kwanakin da suka biyo ba ta ci abin kirki ba. Ta juya maganar ta kowace fuska. Ta ce a ranta in an yi auren zai riƙa yi a ɓoye, wa zai sani? Sai ta tuna ƙafar nan tana tattake ƙasa, ta san ba zai iya ba, zai faɗa ko ya mutu da abin a ciki. Ta ce to su gudu. Sai ta tuna muryar babanta a zaure. Ta yi kuka ta ce ita ma ai mutum ce, ita ma ta rasa buroshinta, don me ba za ta riƙe abu ɗaya da ya rage mata ba? Tana son shi, so mai zafi, irin wanda ke hana numfashi. Kuma manyan motoci sun fara ɗaukar tattasai, sa rana ta ƙarato.

Da la'asar ɗin wata Laraba ta aika a ce mishi ya same ta a bakin kogi, inda mata ke wanki, wurin da ido ke ganinsu amma kunne ba ya ji. Ya zo da hauya a kafaɗa.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta fasa.

Ya yi dariya tukuna. Da ya ga fuskarta sai ya sauke hauyar. Ya ce in zancen safiyar nan ne, ba zai sake ba, zai ɗaure hannun in ta kama. Ya ce shi ya jawo komai da bakinshi, shi ya kamata ya biya. Ya ce ai akwai hotunan da ya zana a da, suna nan a jakar mahaifiyarshi, in ya manta sai ya duba. Ta ce dubawa daban, ta ga yadda hannunshi ke nema.

"Ni na zaɓa, Kaltu. Ba wanda ya sa min wuƙa a wuya."

"Na sani, masoyina." Karo na farko ke nan da ta kira shi haka a fili. "Yau kana cewa ka zaɓa. Ranar da za ka nemi fuskar nan ka rasa ta gaba ɗaya, tawa za ka ɗago ka kalla. Ba za ka ce komai ba, na san ka. Ni kuma ba zan iya zama a gidan da ake min wannan shirun ba."

"Ke fa? Ke ma ai an raba ki da naki."

"Nawa uban yana raye. Kullum da safe ina ganinshi."

Nan ya durƙushe a kan yashi, namiji guda, ya riƙe kai da hannu biyu. Matan wanki suka daina buga kaya. Ya kira ta da duk sunayen da ya taɓa kiranta, ya roƙe ta da Allah da Annabi, ya ce me zai yi da zane in babu ita, wa zai juya wa tebur? Ta tsaya ƙyam, ta dunƙule mayafinta a hannu har farcenta ya shige nama, don ta san in ta sunkuya ta taɓa shi, shi ke nan, ba za ta iya ba.

"In ba aure, ba sharaɗi," ta ce. "Liman ya tabbatar min. Ka je ka nemo bakin babanka tun bai yi nisa ba."

Ita ta fara juyawa. Ba ta waiga ba, kuma kada ki ce jarumta ce, tsoro ne.

Washegari ya zo kamar kullum. Ya shayar da kwalayen da suka rage, ya wanke hauyar ya jingine ta a inda ya saba ɗauka, ya shiga ya gaida mahaifiyarta ya nemi gafara. Ya daɗe a zaure da Malam Ari. Daga nan ya fita ya kama hanyar titi. Kaltumi na ɗaka, ta ji takunshi ya rage sauri a daidai tagarta, sannan ya ci gaba.

Da rana ta yi sanyi babanta ya same ta a wajen buhuna. Ya tsaya a kanta, hannu a baya. Ya tsufa a ƴan watannin nan, sai yau ta gani. Ya ce yaron ya faɗa mishi komai, har da abin da ya yi a bakin kwali, abin da ba wanda ya tambaye shi. Ya ce shi bai taɓa samun ɗa irin wannan ba, ya riga ya ware mishi gefen gona ta wajen kogi.

"Na ɗauka kina son shi," ya ce.

"Ina son shi, Baba."

"To don me?"

Ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo. Kallon ne amsarta. Shi ma ya kalle ta, ya daɗe, leɓenshi ya motsa kamar wata magana na son fitowa. Zuciyarta ta tsaya cak tana jira. Kalma ɗaya ta sassauci ta isa, kuma motar Gagamari ba ta da wuyar tarewa.

Ya kawar da kai wajen masallaci.

Ya ce akwai sauran buhunan da ba a ɗinke ba, kuma mota da sassafe za ta zo. Ya tafi a hankali, yana jan takalmi.

Kaltumi ta ce to. Ta jawo buhun farko gabanta, ta ɗauki basilla da zare. Ta yi ta kai zaren yana wucewa ta gefe, don ba ta ganin kafar basillar.